Tarihin Masu Son Tace Zuriyar Ɗan Adam

Wanda ya shiga birnin Zariya ta Ƙofar Kibo ya tambayi Sarkin Makafi, za a nuna masa gidansa. Gama tun zamanin da, makafi da guragu da kutare kowanne da sarkinsu a ƙasar Hausa. Amma duk da haka bara aka bar musu, kuma mai neman aure yakan guji gidan da aka taɓa kuturta, wai gado ce. Sai cikin 1873 wani likita na ƙasar Norwe, Hansen, ya gano ƙwayar da ke kawo ta.

A ƙasashen Turawa kuwa zancen gado ya haifi babbar masifa. Cikin 1883 wani mutumin Ingila, Francis Galton, ya raɗa wa wani ilmi suna, watau na tace zuriya kamar yadda makiyayi ke zaɓen bijimi. Cikin 1927 babbar kotun Amurka ta yarda a hana waɗansu naƙasassu haihuwa tilas, har aka yi wa mutum fiye da 60,000. Jamus ta kafa irin wannan doka cikin 1933, kāna daga 1940 zuwa 1941 mutanen Hitler suka kashe naƙasassu wajen 70,000 da iskar guba.

Daga baya naƙasassu da kansu suka tashi neman haƙƙinsu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara yarjejeniyarsu cikin 2006, Nijeriya kuma ta yi dokar hana wariyarsu cikin 2019. Yau makahon yaro na Ƙofar Kibo yana da haƙƙin karatu bisa doka. Saura iyayensa su kai shi makaranta.