Westlake, asibitin al'umma da aka sayar

A Melrose Park, ƙaramin gari a gefen Shikago ta Amurka, an yi wani asibiti mai gado 230, Westlake. Galibin masu zuwa talakawa ne, da yawansu ƴan asalin Latin Amurka. A Janairun 2019 kamfanin Pipeline Health ya saye shi, haɗe da wasu biyu, dala miliyan 70. Ko wata biyu ba a cika ba, sai ya ce wai asara yake yi, zai rufe. Hukumar garin ta kai ƙara, alƙali ya ce a dakata, amma ina! A Agusta aka ayyana karyewar jari, aka kulle ƙofa.

Ni da nake karatun harshe, sunan ne ya tsaya mini a rai. "Asibitin al'umma" ake ce masa, alhali cinikinsa tsakanin kamfani da kamfani aka yi shi, Tenet da Pipeline.