Bariki da Daim

Mu Hausawan Gadarif mun gaji kalmar bariki daga iyayenmu, amma yawancinmu ba mu san da kaki aka haife ta ba. Idan kakata ta ce wane ɗan bariki ne, nufinta ya yi watsi da kunya, idonsa ya buɗe fiye da kima. Asalinta kuwa kalmar Ingilishi ce, barracks, wato gidajen kwanan soja, su ma Ingilishi daga Faransanci suka aro ta, inda take nufin bukkar katako. Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, a bayan ganuwa suka kafa nasu mazauni. Can aka tara soja da kuku da masinja da matan da ba su da mai tsawata musu. Mutanen birni suna leƙe daga nesa, suka tattara duk abin da suke ƙyama suka jibga wa kalmar, har aka sami barikanci.

A nan Gadarif abin ya sha bamban, don ba ganuwar da za a tsaya a bayanta. Garin kasuwa ne, Suƙ Abu Sin, mai sunan gidan sarautar ƙabilar Shukuriyya, kuma rundunoni ne suka yi ta ƙara masa faɗi. Kalmar da suka bari ita ce daim. A bakin mutanen Sudan sansani take nufi, irin Daim Zubair na Baharul Gazal, inda Zubairu Rahama ya tara mayaƙansa da bayi. Ansar ɗin Mahadi sun karɓi Gadarif a 1884, ta zama matattarar dakaru masu fuskantar Habasha, kuma a Gallabat, kudu da mu, aka kashe Sarki Yohannes na Habasha a Maris 1889. Unguwar Daim Nur, mutanen gari suna danganta ta ga Amir Nur Angara na wannan zamani. A 22 ga Satumba 1898 Kanar Parsons na Ingila, wanda ya taso daga Kasala, ya ƙwace garin, Ahmad Fadil na Ansar ya zo ya kewaye shi bai yi nasara ba. Daga baya Gadarif ta zama hedikwatar Rundunar Larabawan Gabas. A cikinta Abdullahi Bakar ya yi hafsa kafin ya zama nazir, wato basarake, kuma sunan gidansu ne a kan Daim Bakar.

Hatta noman inji da muke tinƙaho da shi, cikin soja ne ya jawo shi. Wajen 1945 aka fara shi a Gadambaliya don samar wa dakarun Ingila dawa, kuma Hausawa da yawa da suka taso da niyyar hajji a gonakin dawa da riɗi na yankin suka yi ƙwadago har suka zaune.

Abin da ke taɓa ni shi ne yau mutum zai ce maka gidansu a Daim Nur yake, da bakin da Bakano zai ce Yakasai. A can ake raɗin suna, a can ake ɗaura aure, ba wanda ke jin ƙarar bindiga a sunan. Amma dattijon Bahaushe da ya tsufa a wannan daim ɗin, har gobe ba zai ba ɗan bariki auren 'yarsa ba.