Matuƙin jirgin ruwan da ya sauka a fadar Bello

Wata yamma a rumfar mai shayi da ke bakin gadar Kwalkwalawa, kan hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, na tarar da samari sun haɗa kai a kan waya guda suna kallon Shogun, wasan talabijin ɗin da ya fito a 2024. Labarin wani Baturen Ingila ne, matuƙin jirgin ruwa, da ya faɗa hannun sarakunan Japan. An ɗauko shi daga littafin James Clavell na 1975, shi kuma ya gina shi kan rayuwar William Adams, wanda jirginsa ya isa Japan a 1600, har ya zama na hannun damar Tokugawa Ieyasu. Ina kallon su raina yana sosuwa, domin irin wannan labari ya faru a garin nan.

A watan Maris na 1824 Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwan Ingila, ya iso Sakkwato. Ya taso daga Tarabulus, ya ratso Sahara, ya bi ta Kukawa da Kano, ana kiran sa Abdullahi. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ne ya yi masa masauki. Da ya je gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, sai ya tarar da malami mai tambaya kamar ruwan sama: ƙungiyoyin Kiristocin dā, taurari, ciniki, da yadda Ingila ta mamaye Indiya. Clapperton da kansa ya rubuta cewa wasu tambayoyin addinin sun fi ƙarfinsa. Bello ya ba shi taswirar ƙasa da wani yanki na littafinsa Infaƙul Maisuri, amma tafiya Yawuri don ganin kogin Kwara ba ta yiwu ba. A lokacin, baƙo sai inda mai gida ya yarda yake taka ƙafa.

Ya dawo a 1826 ta Badagiri, da kyaututtuka, har da littafin lissafi na Iƙlidis da Larabci. Sai dai ya tarar ana yaƙi da Borno, ga shi kuma ɗauke da wasiƙa da kaya zuwa ga Shehu El-Kanemi na Borno. Bello ya karɓe su, zumunci ya yi sanyi. Ciwo ya kwantar da shi, ya mutu ranar 13 ga Afrilu, 1827, yaronsa Richard Lander ya binne shi a wani ƙauye a bayan gari.

Daga nan baƙuncin ya riƙa sauya kama. Wani Baturen, Barth, wato Abdulkarim, ya zo a 1853 zamanin Aliyu Babba, har yanzu da roƙon izini. Joseph Thomson ya zo Wurno a 1885 da takardar yarjejeniyar wani kamfanin Turawa. A ranar 15 ga Maris, 1903, shekara 79 bayan zuwan Clapperton na farko, sojojin Lugard suka buɗe wuta a Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira, ya yi shahada a Burmi cikin watan Yuli. Tambayar da Bello ya yi kan Indiya ta hangen nesa ce.

Abin da ya ɗaga darajar Shogun na 2024 a kan wanda aka fara yi a 1980 shi ne an fassara wa mai kallo maganar da Japanawa ke yi da harshensu, an nuna nasu lissafin mulki, har ya lashe kambun Emmy 18. Mu ma muna da littafin tafiyar Clapperton, muna da rubuce-rubucen Bello da na Giɗaɗo, ga malaman tarihi a ƙetaren gadar nan. 'Yan fim ɗinmu na Sakkwato da Kano, ku zauna da su, ku nuna mana wannan baƙunci daga shimfiɗar Bello, da Hausa da Fulfulde.