Gurbi Ɗaya Cikin Huɗu: Yadda Rigimar 'Yan Kirari Ta Juya Wani Gari a Texas

Yau tarihi za mu taɓa, kuma Amurka za mu je, wani ɗan ƙaramin gari a kudancin jihar Texas mai suna Crystal City, shekarar 1969. Ranar da na fara karanta labarin nan ina jami'a, wallahi dariya na yi. Na ce wai a kan 'yan matan da ke tsalle-tsalle a bakin fili ne ɗalibai suka rufe makarantun gari? Da na karanta zuwa ƙarshe sai dariyar ta ɗauke. Ku biyo ni ku ji dalili.

Da farko dai, su wane ne 'yan kirarin nan? Duk mai kallon finafinan Amurka ya san su: 'yan mata cikin kaya iri ɗaya, tuntaye a hannu, suna jan baki 'yan kallo na amsawa, a ɗaga wannan sama, a cafe waccan. Turawa na ce musu ciyalida. Ni 'yan kirari zan riƙa cewa, don aikinsu ke nan, su zuga 'yan wasan makarantarsu, su kuma tayar da tsimin 'yan kallo. Abin da zai ba ku mamaki, maza ne suka fara. A Nuwamban 1898 wani ɗalibin Jami'ar Minnesota, Johnny Campbell, ya fito gaban 'yan kallo a wasan ƙwallon Amurka, irin wadda ake runguma a ruga da ita, ya ja su suka yi ta amsa kirari baki ɗaya. Shekaru da dama abin na maza ne, kuma abin alfahari. Ko Ronald Reagan da George W. Bush, da suka zama shugabannin ƙasa, sun yi shi suna ɗalibai. Sai a Yaƙin Duniya na Biyu, da samari suka tafi fagen daga, mata suka cike gurbin, ba su kuma sake saki ba.

To, a ƙananan garuruwan Texas, makarantar sakandare ita ce zuciyar gari. Daga Satumba zuwa Nuwamba, duk daren Juma'a gari kan tattaru a filin makaranta kallon ƙwallo: mai kanti, mai gona, limamin coci, kowa da kowa. Su kuma 'yan kirari tun bazara ake zaɓensu, su kwashe hutu suna atisaye, idan kaka ta zo su ne a gaba. Yarinyar da aka zaɓa ta zama fuskar makaranta. Ita gari ke nunawa ya ce ga 'yarmu. Ku riƙe wannan, don a nan maganar take.

Crystal City gari ne na noma, mutanensa ba su kai 10,000 ba a lokacin. Alayyafo suke nomawa, har suna kiran kansu babban birnin alayyafo na duniya, kuma tun 1937 suka kafa gunkin Popeye, mutumin katun ɗin nan mai cin alayyafo, a tsakiyar gari. Fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen garin 'yan asalin Meziko ne, masu Sifaniyanci a gida. Kada ku ɗauka baƙi ne fa. Texas kanta ƙasar Meziko ce har zuwa 1836, kuma akasarin yaran nan a Amurka aka haife su. Amma gonaki, banki, kantuna da hukumar makarantu duk suna hannun Turawa 'yan tsiraru. Su 'yan asalin Meziko su ne lebura. Da bazara ta yi, iyalai su ɗaure kaya su tafi ci-rani jihohin arewa aikin gona, ba sa dawowa sai kaka, yara sun riga sun rasa makonni na karatu. A makaranta kuma, yaro ya yi Sifaniyanci a hukunta shi. Wannan kam ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ni kaina an ci ni tara a aji saboda na yi Hausa, kuma na san da yawanku haka ne.

A da, ɗalibai ne ke zaɓen 'yan kirari da ƙuri'a. Da aka ga 'yan asalin Meziko sun rinjayi makarantar, sai aka sauya tsari, aka miƙa zaɓen ga kwamitin malamai. Sai wata al'ada ta kafu: 'yan kirari huɗu, uku Turawa, ɗaya 'yar asalin Meziko. Ɗaya tak, a makarantar da su ne mafi yawa nesa ba kusa ba.

A bazarar 1969 aka samu gurabe a ƙungiyar. Wata ɗaliba, Diana Palacios, ta nema, aka hana ta, don gurbin nan guda ɗaya akwai mai shi. Ɗalibai suka rubuta koke, suka kai wa shugaban makarantar, ya yi watsi da shi. Suka wuce gaba wurin babban jami'in makarantun yankin, shi kuma ya ce to a raba daidai, uku da uku. Yara suka ɗauka an gama. A watan Yuni, ana cikin hutu, iyalai da yawa suna can ci-rani, hukumar makarantu ta zauna ta soke yarjejeniyar.

Da aka dawo karatu sai aka ƙara gishiri a miki. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta shirya naɗa sarauniya a bikinta na shekara, ta kuma sa sharaɗi: sai yarinyar da mahaifinta ko mahaifiyarta ya kammala wannan makarantar. Ku duba wayon. Ba a ambaci launin fata ba, ba a ambaci yare ba. Amma iyayen da suka tashi a gonar alayyafo da hanyar ci-rani, nawa ne a cikinsu suka gama sakandare? Ƙalilan. Wata ɗaliba mai suna Severita Lara ta buga takardu tana rabawa a kan wannan rashin adalci, aka dakatar da ita daga makaranta. Ruwa ba ya tsami banza, kuma a nan tura ta kai bango.

Akwai wani ɗan garin, José Ángel Gutiérrez, shekararsa 25 a lokacin. A wannan makarantar ya gama, ya je jami'a, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar matasa ta MAYO a San Antonio a 1967, sannan ya dawo gida. Shi da abokansa suka taimaka wa yaran da tsari. Babban abin da suka gane shi ne, yara su kaɗai ba za su iya ba, sai an jawo iyaye, musamman mata. Uwar da ta haƙura da wulaƙancin da ake mata a gona ba lallai ta haƙura a wulaƙanta 'yarta ba. Koken ma ya faɗaɗa: a mayar wa ɗalibai zaɓen 'yan kirari, a daina hukunta mai Sifaniyanci, a koyar da harsuna biyu, a ɗauki malamai 'yan asalin Meziko, a sa tarihinsu a manhaja.

Ranar 8 ga Disambar 1969 ɗalibai da iyayensu suka cika zauren taron hukumar makarantu. Hukuma ta ƙi sauraronsu. Washegari, 9 ga wata, ɗaruruwan ɗalibai suka fice daga aji suka tsaya a bakin makaranta da kwalaye a hannu. Kullum sai ƙaruwa suke, 'yan ƙaramar sakandare da 'yan firamare suka biyo, har suka haura 1,000 da nisa. Iyaye mata na kawo abinci, suna tsaye tare da 'ya'yansu.

Me ya sa yajin ya ci? Abu uku na gani. Na ɗaya kuɗi: a Texas, gwamnatin jiha na ba makarantu kuɗi ne gwargwadon yawan yaran da ke halarta a kullum, don haka kowace kujera da babu kowa a kanta asara ce ga hukuma. Na biyu, ba su bari a ce musu 'yan gudun karatu ba. A hutun Kirsimeti malamai 'yan sa-kai suka zo daga wasu garuruwa suka riƙa koyar da masu yajin. Na uku, sun fitar da maganar daga gari. Sanata Ralph Yarborough na Texas ya gayyaci uku daga cikinsu zuwa Washington, Severita Lara na ciki, suka gana da Sanata Edward Kennedy da Sanata George McGovern. Gwamnatin tarayya ta turo masu shiga tsakani. A farkon Janairun 1970 hukuma ta sauko, ta amince da mafi yawan buƙatun, yara suka koma aji.

Da a nan suka tsaya, da labarin bai kai in kawo muku shi ba. Amma sun riga sun ga abin da ya faru a watan Yuni: wanda ya ba ka da hannun dama, yana iya karɓewa da na hagu muddin shi ne a kan kujera. Su kuma 'yan hukumar makarantun nan, zaɓensu ake yi. Ranar 17 ga Janairun 1970, a wani zauren taro a Crystal City, aka kafa jam'iyyar La Raza Unida. Suka bi gida-gida suna yi wa mutane rajistar zaɓe. A watan Afrilu 'yan takararsu suka lashe kujerun da aka yi takara a hukumar makarantu da majalisar gari, Gutiérrez ya zama shugaban hukumar da ta ƙi sauraron yaran wata huɗu baya. Aka shigo da koyarwa da harsuna biyu, aka ɗauki malamai 'yan asalin Meziko. A 1972 jam'iyyar ta tsayar da Ramsey Muñiz takarar gwamnan Texas, ya samu ƙuri'a sama da 200,000. Raina kama ka ga gayya.

Ba zan yi muku kwalliya ba, ƙarshen bai yi daɗi kamar farkon ba. Malamai Turawa da dama suka bar garin, wasu iyaye suka cire 'ya'yansu. Ƙasa da jari suna nan a hannun masu su, talauci bai gudu ba. Rikicin cikin gida ya shiga jam'iyyar, bayan zaɓen 1978 kuma ta dusashe. Cin zaɓe daban, riƙe gari daban. Amma abu ɗaya bai koma yadda yake ba: ba a sake ce wa yarinya a Crystal City gurbin irinki ya cika ba. Ita kanta Severita Lara daga baya ta zama magajiyar garin.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne wannan. Mu matasa muna yawan jiran babbar magana kafin mu motsa, muna raina ƙananan. Alhali rashin adalci ba kasafai yake zuwa da ganga ba. A ƙaramin tsari yake ɓuya: wa ke zaɓe, wa ya sa sharaɗi, yaushe aka sauya doka, kuma da wa ya yi yawa aka sauya ta. Iyayen yaran nan sun daɗe da sanin ana danne su a albashi da gona, amma abu ne mai wuyar kamawa a nuna. Uku da ɗaya kuwa, ko ɗan firamare ya iya lissafin, kuma duk daren Juma'a gari na kallon sa a bakin fili. Makaranta na ce musu ku yi kishin makarantarku, ku ɗaga murya, su kuma suka tambaya: makarantar ta wa? Sun fara da tuntu, suka bi zaren a hankali har ya kai su akwatin zaɓe.

Don haka idan ƙanwarka ta dawo gida tana ƙorafi a kan wani abin da ka ga bai taka kara ya karya ba, kafin ka ce mata ta yi haƙuri, zauna ka tambaye ta wa ya kafa dokar.

Nan za mu dakata a yau. Ku huta lafiya.