Gidan Oxford: Tarihin Gidan Hayar da Tsofaffin Mashaya Ke Mulki da Kansu

A shekarar 1975 hukumar gundumar Montgomery, a jihar Maryland ta Amurka, ta yanke shawarar rufe wani gida a garin Silver Spring saboda aljihunta ya yi sanyi. Gidan masauki ne na mazan da suka gama jinyar barin giya, ana ajiye su na ɗan lokaci kafin su koma cikin jama'a. Maza 13 ne a ciki sa'ad da labarin ya iso. Ɗaya daga cikinsu shi ne Paul Molloy, lauya wanda ya yi aiki a Majalisar Dattawan Amurka kafin kwalba ta raba shi da aikinsa da iyalinsa. Maimakon su tattara komatsansu su watse, sai suka karɓi hayar gidan da kansu, suka ce za su riƙe shi ba tare da ma'aikaci ko ɗaya ba.

Tara masu barin giya a wuri guda ba sabon abu ba ne a Amurka. A 1840 wasu mashaya 6 a birnin Baltimore suka ɗauki alkawarin dainawa, ƙungiyarsu ta Washingtonian ta bazu, kuma a 1857 aka buɗe masauki irin wannan a Boston. A 1935 Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka haɗu a Akron, aka haifi ƙungiyar AA ta mashayan da ke tallafa wa juna. Daga ƙungiyar addini ta Oxford, wadda AA ta tsiro daga cikinta, mazan Silver Spring suka samo wa gidansu suna.

Abin da suka canza kuwa babba ne. A tsohon tsari, wa'adin mutum wata shida ne. Ko ya warke ko bai warke ba, sai ya ba wani gado. Su kuma sun ga da idonsu yadda waɗanda aka sallama ke komawa ruwa ba da jimawa ba. Don haka abu na farko da suka soke shi ne wa'adin. Mutum ya zauna wata uku ko shekara uku, ba mai ce masa ya tashi, muddin ya kiyaye sharuɗɗa. Sharuɗɗan uku ne, kuma har yau ba su canza ba: gida yana tafiya da ƙuri'ar mazaunansa, yana ɗaukar nauyin kansa, kuma duk wanda ya sha giya ko ƙwaya ya bar gidan nan take.

Wanda bai taɓa shiga ba zai zaci wurin kara-zube ne. Ba haka abin yake ba. Ana zaɓen shugaba da ma'aji da sakatare da mai binciken kuɗi da mai rabon ayyuka, kuma ba wanda ke wuce wata shida a kan muƙami, don kada wani ya mai da kansa mai gida. Sau ɗaya a mako kowa ya hallara a falo. Ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a faɗi wanda ake bi kuɗin haya a gaban kowa, a duba wanda ya bar banɗaki ko kicin ba wanki. Cakin banki ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu. Yawanci sabon zuwa yana raba ɗaki da wani, domin sun san kaɗaici shi ne ƙofar da sha'awar maye ke shigowa ta ciki. Mai neman shiga kuma sai ya zauna gaban mazauna su yi masa tambayoyi, kuma ba ya samun gado sai kashi 80 cikin ɗari sun yarda.

A nan hikimar take. Mutumin da ya shekara goma ana ɓoye masa jakar kuɗi, wanda mahaifiyarsa ke kulle ɗakinta idan ta ji motsinsa, yau shi aka damƙa wa littafin asusu, mutum takwas suna jiran ya biya kuɗin wuta. Ba magani ne aka ɗura masa ba, amana aka ɗora masa. Sannan ba wanda ya kai tsohon mashayi gane ƙaryar mashayi. Jan ido, ko dawowa cikin dare da dogon bayani, ba ya wuce su.

Korar ce ta fi ciwo. Ana kiran taron gaggawa, a kaɗa ƙuri'a, mutumin da aka ci abinci tare da shi jiya ya ɗauki jakarsa yau. Masu suka suna cewa rashin tausayi ne a tura mutum waje a daidai lokacin da ya fi rauni, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Amsar mazauna ita ce kwalba ɗaya a cikin gida tana iya kwashe kowa. Wanda aka kora yana iya komawa jinya, ya sake neman shiga daga baya.

Daga gidan farko aka buɗe wasu, amma shekara 13 gidajen suka yi ba su da yawa, kusan duka a kewayen birnin Washington. Sai a 1988 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda ta umarci jihohi su ware asusun rance. Masu murmurewa suka samu damar karɓar har dala 4,000 su kama haya, su biya cikin shekara biyu. Daga nan gidajen suka yaɗu.

Maƙwabta fa ba su yi maraba ba. Da gangan ake kama haya a unguwanni masu kyau, nesa da dandalin 'yan maye, su kuwa masu unguwa ba sa son ganin gidan a layinsu. A garin Edmonds na jihar Washington, dokar gari ta ce a unguwar iyalai ba a yarda mutanen da ba dangi ba su wuce 5 a gida ɗaya, alhali gidan Oxford na can yana ɗauke da 10 zuwa 12. Shari'a ta kai Kotun Ƙoli. A 1995 alƙalai 6 cikin 9 suka ce dokar garin ba ta kuɓuta daga dokar tarayya da ta hana nuna wa masu naƙasa bambanci wajen muhalli ba, dokar da ke kare masu murmurewa daga maye. Mai Shari'a Ruth Bader Ginsburg ce ta rubuta hukuncin.

Binciken da aka fi ambata na Leonard Jason ne da abokan aikinsa na Jami'ar DePaul a Chicago, wanda aka buga a 2006. Sun bi mutum 150 da suka fito daga jinya, rabi aka tura gidajen Oxford, rabi suka koma rayuwar da aka saba. Bayan shekara biyu, kimanin kashi 31 cikin ɗari na 'yan Oxford ne ke shaye-shaye, a ɗaya ɓangaren kuwa kusan kashi 65. Abin da suke samu a wata ma ya ninka na sauran.

Ba kowane gidan masu murmurewa ne na kirki ba. A kudancin Florida, musamman wajejen 2016, an bankaɗo masu gidajen kasuwa da ke sayar da mazaunansu ga cibiyoyin jinya don cin kuɗin inshora, har hukuma ta kafa runduna ta musamman ta kama da dama. Abin takaici ne ƙwarai, domin iyaye ne suka miƙa 'ya'yansu da kyakkyawar niyya. Gidajen Oxford sun fi tsira daga wannan, tunda babu mai gida da ke cin riba a kan gado.

Paul Molloy ya rasu a 2022. A lokacin gidajen sun haura 3,000, na maza daban, na mata daban, wasu ma na mata da 'ya'yansu. An buɗe su a Kanada da Ostareliya, har da Ghana. Hanyar buɗe sabo ba ta sauya ba: idan gida ya cika, masu neman gado suka yi yawa, sai wasu tsofaffin mazauna su nemi wata hayar, su koma can su koya wa sababbi yadda ake taron mako da riƙe asusu.