Cekin Alhaji da Maganin Malam

A zangon Bolgatanga na fara kallon Xala, fim ɗin da Ousmane Sembène na Senegal ya fitar a 1975. Alhaji Abdou Kader ya yi mata ta uku, daren farko mazakutarsa ta mutu. Wani malami ya warkar da shi, Alhaji ya biya da cekin banza, malam ya mayar masa da cutarsa.

Mu samari muka yi ta dariya. Wani dattijo ɗan Salaga ya fusata, ya ce an wulaƙanta malamai, waɗanda tun ƙarni na 19 sarakunan Asante ke neman layunsu. Kawuna ya ce, "Baba, ai maganin malam ya ci. Alhaji ne macuci."

Har yau ina bayan kawu.