Daga Jawa zuwa Zongo Lane: Asalin Zanen Atamfa

Layin nan da ake kira Zongo Lane a tsakiyar Accra, dab da kasuwar Makola, ya samo sunansa ne daga zangon da Hausawa suka kafa a ƙarƙashin Malam Idrisu Naino cikin ƙarni na 19, kuma har gobe masu sayayyar lefe da ankon biki daga Nima da Maamobi kan gangaro wannan yanki neman atamfa. Daga cikin turamen da ake jerawa a shagunan akwai nau'in da ake ce wa Java, sunan da ya isa ya nuna cewa tushen wannan tufafi yana can tsibirin Jawa na ƙasar Indunisiya.

Abin da mutanen Jawa ke kira batik tulis, wato rubutaccen zane, aiki ne da yawanci mata ke yi da canting, wani ɗan mazubin tagulla mai siririn baki da mariƙin gora, wanda ake cika shi da narkakken kaki a riƙa zana layi da ɗigo a kan farin ƙyalle, ta yadda idan aka tsoma shi a rini, duk inda kakin ya rufe ba zai kama launi ba. Ana rina shi da baba, irin wanda marinan Ƙofar Mata ta Kano suka sani, da kuma soga, launin ƙasa-ƙasa da ake samu daga ɓawon itace, kuma zani ɗaya kan ci watanni. A fadojin Yogyakarta da Surakarta zane yana da matsayi: parang, mai jerin lanƙwasa a karkace, an taɓa haramta wa talaka ɗaura manyansa, kawung da'irori ne masu haɗuwa da juna, truntum kuwa, mai ƙananan furanni kamar taurari, iyayen ango da amarya ke ɗaurawa ranar aure.

Sai dai abin da ya cika kasuwannin Gwalkwas, wato Ghana ta yau, ba wannan aikin hannu ba ne, kwaikwayonsa ne. Masaƙun Holan, irin su ta Prévinaire a Haarlem da ta van Vlissingen a Helmond, wadda aka kafa a 1846 kuma ta zama Vlisco, sun nemi yin batik da inji domin sayar wa Jawawa, amma danƙon da suke shafawa kan tsattsage, rini ya kutsa ya bar jijiyoyi a jikin ƙyallen, abin da masu saye a can suka ɗauka aibi ne. Wani ɗan kasuwar Sikotland, Ebenezer Brown Fleming, shi ne ya karkato da hajar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma wajajen 1890, inda wannan aibin ya koma shaidar cewa atamfa ta gaske ce. Akan jingina son da aka yi mata ga sojoji kimanin 3,000 da Holan ta ɗiba ta Elmina tsakanin 1831 da 1872 ta kai su Jawa, waɗanda da yawansu bayi ne 'yan arewa da aka samo ta hannun Asante. Labarin yana da daɗin ji, amma wasu masana na ganin an zuzuta shi, domin 'yan kasuwa sun fi sojojin tasiri.

Ma'anonin fada ba su tsallako teku ba. Matan kasuwa ne suka raɗa wa zanuka sababbin sunaye, galibi da harshen Twi, kamar Nsubra, wato rijiya, saboda ɗige-ɗigensa masu kewaya juna kamar ruwan da aka jefa wa tsakuwa. Bayan 'yancin kai aka buɗe masaƙar GTP a Tema a 1966, sannan ta Akosombo, yau kuma atamfar Sin mai araha ce ta fi yawa a kan tebura, ko da yake gogaggiyar mai saye har yanzu takan juya zanin ta duba bayansa, don ta ga ko rinin ya ratsa fuska biyu kamar yadda yake a batik na asali.